Ilimi ne ko camfi, in ji ka

Ɗana, saƙonka ya iso, na yi dariya har aka leƙo ana tambayar ko lafiya. Wai tsofaffin wurin aikinku sun hana ka kunna na'urar gwajin siginar talabijin daga kan kwamfutarka, sai ka tashi ka je gabanta, ko ka ɗaga murya ka sanar, alhali umarni ɗaya ya isa. Shi ne kake tambaya ilimi ne ko camfi. Kalmar camfin nan ce ta ɗan tsaya mini a rai.

Kada ka ɗauka ku kuka fara juya na'ura daga nesa. Lokacin da na kama aiki a gidan talabijin, injinan kaset ɗin bidiyo na Betacam ne ke tashe, waɗanda Sony ta fitar a 1982. A bayan kowanne akwai kafar waya mai ƙusa 9, ta RS-422, ka ja ta zuwa wani ɗaki ka riƙa kunnawa, kana tsayarwa, kana mayar da kaset baya. A gabansa kuma akwai ɗan maɓalli da ke zaɓar wa zai yi wa biyayya, na kusa ko na nesa. Kafin hoto ya fita sai an mayar da kaset baya da daƙiƙa 5 don injin ya daidaita gudunsa, kuma kan kowane kaset sai an fara da sandunan launi da ƙarar nan mai tsini ta hertz 1000. Maigidanmu ba ya bayani, abin da yake cewa kawai shi ne gani ya kori ji.

Wani dare aka bar ni in gwada injin na biyu, na ɗaya yana kan iska da shirin labarai. Ban san an musanya wayoyin biyu da rana ba, wai ana neman wadda ta lalace. Ina zaune a ɗakin sarrafawa, kunya ta hana ni tambaya, ƙyuya ta hana ni taku goma. Na danna maɓallin mayarwa baya. Injin da nake hange ta gilashi ko gezau, sai na ƙara dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfi ne ya rage. Ɗaga kan da zan yi, sai ga mai karanta labarai a allon da ke nuna abin da ke kan iska yana gudu da baya, hoto ya yayyage layi-layi. Tarho ya ɗau ƙara. Maigidanmu ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya, bai kalle ni ba, ya wuce ya mayar da injin ga umarnin kusa, ya nemo inda aka tsaya. Sai da aka rufe tasha ya ce mini, hannun da ya fi ido tsawo ɓarna yake yi. Sati biyu ina nannaɗe wayoyi ina liƙa musu suna.

Taku na'urar ba kaset gare ta ba, na sani. Daga fayil take zuba fakiti, wato ƙananan ƙunshin bayanai, kowanne bayit 188, ko ta wayar bidiyo da ake kira ASI ko ta mayar da su siginar talabijin ta dijital, DVB-T2, ta ciyar da dikodoji. Amma allon kwamfutarka abin da na'urar ta ce kawai yake faɗa maka. Zai nuna tana aiki, ba zai gaya maka wani ya kwana yana auna dikoda a kan wannan wayar ba, kai kuma ka canja masa fayil. Ku 'yan yanzu in allo ya yi kore, shi ke nan, an gama. Ko zafin na'ura ba ku san shi a tafin hannu ba.

Ban ce ka riƙa zarya har abada ba. Wataƙila ran da suka ga ka san wace waya ta nufi ina, su sakar maka mara. Af, ka duba mini abu ɗaya: in fayil ya ƙare ya koma farko, na'urar tana gyara ƙidayar fakitin, mai zagayawa daga 0 zuwa 15, da agogon da ke cikin fakitin? In ba ta gyarawa, hoto zai yi tuntuɓe a kowane zagaye, ku ɗora wa dikoda laifi a banza. Ka gaida mini babarka.