Me ya sa kwafin rasit ba ya fitowa?

Malam, ka ce ka sayi katan ɗin takardar rasit mai falle 3 don shagonka na Terminus a Jos, ka saka a firintar leza, rubutu ya fito a fallen sama kawai, na ƙasa fari fat.

Takardar ba ta da laifi. Masu ɗab'i suna kiranta NCR, wato takardar da ke yin kwafi ba tare da kabon ba. A bayan fallen sama akwai ƙwayoyin sinadari da ido ba ya gani, sai an danne su sun fashe kafin rubutu ya bayyana a na ƙasa. Ita kuwa leza da zafi take aiki, ba ta bugun takarda. Nemi firinta mai allurai masu bugun takarda irin Epson LX-350, wadda haƙoranta ke jan hujojin gefen takardar. Akwai ƙara kam, amma ita ke wannan aikin.

Kula da jeri: CB (falle mai sinadari a bayansa) a sama, CFB (mai sinadari gaba da baya) a tsakiya, CF (mai sinadari a gabansa kawai) a ƙasa. Da an juya, babu kwafi. In da biro za ka rubuta, sa kwali ƙarƙashin saitin, kar rubutun ya zarce zuwa rasit na gaba. Kada ka bar katan a rana ko ka ɗora masa nauyi.

In falle na uku ya fito dishi-dishi, kai wa mai gyaran firinta ya daidaita tazarar da ke tsakanin kan allurai da takardar.