Firizata ta cika da ragowar abinci, maigida ya ce shi ba ya cin kwantai

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yanmu huɗu. Maigida ma'aikaci ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin cefanen da yake ba ni ba sa kai mu ƙarshen wata. Sai na fara adana duk abin da ya rage: miya ludayi biyu, shinkafa rabin kwano, romon nama, guntun kaza. Yanzu firizar ta cika da robobi da ledoji, ni kaina ban san me ke cikin rabinsu ba. Ran nan na ciro wata roba ina zaton miyar agushi ce, da ta narke sai na ga markaɗen wake ne na alalar da ban yi ba tun azumi.

Babbar damuwata ita ce maigida. Da zafin bana an ɗauke mana wuta kwana uku, da ta dawo na ɗumama wata miya, shi da autanmu suka kwana suna zarya banɗaki. Tun ranar ya ce kada in sake sa masa kwantai a gaba. Ni kuma wallahi ba zan iya ɗora sabuwar tukunya sau uku a rana ba, ga tsadar gas. Sai nakan ɗumama a ɓoye in ce yau na dafa. Wanda nake shakka kuma in bai wa almajirin da ke mana aike. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Gwaggo, yaya zan yi?

Maman yara, Kano

Wa alaikumus salam 'yata,

Zan fara da almajirin, don shi ya fi tsaya mini a rai. Abincin da kike tsoron ba ɗanki, almajirin ma ɗan wata uwa ne, kuma in cikinsa ya ɓaci babu mai kai shi kemis. Wanda kike shakka, ki zubar. Ki ba shi daga tukunyar da kuke ci.

Maigidanki kuma, ban ga laifinsa sosai ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ba kwanan da miyar ta yi ne ya ɓata masa ciki ba. Narkewa ta yi, ta zauna da ɗumi a cikin firiza, wuta ta dawo ta sake daskarar da ita, ke kuma kika ganta kamar ƙanƙara kika ɗauka lafiya take. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su. Firizar da ke cike, in ba a buɗe ta, tana riƙe sanyinta kusan awa 48 bayan ɗauke wuta. Wadda take rabi, kusan awa 24. Kwana uku a zafin Kano ya wuce duka biyun.

Ga dabarar da nake yi a gidana. Ki cika ƙaramin kofi da ruwa ki bar shi ya daskare, ki ɗora ɗan dutse wankakke a kai, ki ajiye a lungun firizar. In kin dawo daga unguwa ko an kwana babu wuta, ki duba. Dutse na sama, alama ce ƙanƙarar ba ta narke gaba ɗaya ba. In kin same shi a gindin kofi, komai ya narke ya sake daskarewa, kada ki yarda da hancinki, don ba kowane lalataccen abinci ne yake wari ba. Duk gurbin da babu kaya kuma ki cusa ruwan leda, shi zai riƙe miki sanyin. Ki hana yara buɗe-buɗen neman ƙanƙara in babu wuta.

Tun wajen sakawa ma ake yin kuskure. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, da bazara kuwa awa 1. Shinkafa ta fi kowa rashin haƙuri: akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe ta, in shinkafar ta daɗe a tukunya tana hucewa sai ta saki guba, gubar kuma ɗumamawa ba ta kawar da ita. Ki baza ta a faranti ta huce da wuri, ki ƙulla a leda daidai cin mutum ɗaya ko biyu, ki danne ta yi faɗi. Haka miya. Babbar roba ɗaya da za ki riƙa narkarwa kina ɗiba kina mayarwa ita ce matsala. Abin da kika ciro ya tafi tukunya kai tsaye ya tafasa sosai har tsakiya, kuma ɗumi ɗaya ake yi masa. Ki sayi maka, wato alƙalami mai kaurin baki, ki rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace leda, ki cinye cikin wata 2 zuwa 3, kafin ɗanɗanon ya gudu.

To, batun ci. Ni dariya maganar kwantai ta ba ni. Tambayi maigidan naki me ya karya da shi yana yaro in ba ɗumamen tuwo da miyar kuka ba, ana zuba man shanu ana rigima a kan ƙanzo. Iyayenmu ba su da firiza amma ba su zubar da loma. Tuwon jiya ya zama gaya da mai da yaji, ƙanzo a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir. Abin da suka gane shi ne, ragowa ba ta dawowa da fuskar da ta tafi da ita. Ke kuma kina mayar masa da miyar jiya a kwanon jiya.

Ludayi biyun nan na miyar dage-dage ba za su ci tuwon mutum shida ba, amma su ne gindin dafa-duka: ki soya albasa, ki juye su, ki zuba romon da kika ajiye maimakon ruwa, ki sa daddawa da ɗan busasshen kifi. Ko ki yi faten wake ko na doya da su, ki watsa alayyafo. Romo ma shi ne dukiyar firizar, ya fi dafaffiyar miya amfanin ajiya. In kina da shi, kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa aikin minti goma ne, kuma sabuwar miya ce ta gaskiya, ba sai kin yi wa kowa ƙarya ba. Farar shinkafa ki soya ta da ƙwai da karas da attaruhu, ko ki sa ta a ƙullin waina, dama da dafaffiyar shinkafa ake haɗa shi. Guntun kaza da ba zai rabu gida shida ba, ki zare tsokar ki yayyaga a cikin taliya kowa ya samu. Dafaffen ƙwai, dafaffen dankalin turawa da ganyen salak kada ki wahalar da kanki, firiza lalata su take yi.

Ƙaryar nan ta "yau na dafa" ki daina. Ranar da ya gane, ba abincin firiza kaɗai zai daina yarda da shi ba. Ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi, ki ce masa, "Baban yara, ranar nan ni na yi kuskure, kuma na gano inda kuskuren yake." Ki kai shi gaban firizar ya ga kofin da dutsen, ya ga ledoji da kwanan wata. Sannan ki lissafa masa sau nawa kuke cika gas a wata da abin da ke tafiya a tumatir da mai. In bayan haka ya ce shi dai sabo yake so kullum, to ya ƙara kuɗin cefane, ke da yara ku ci gaba da cin dafa-dukarku.

Ranar Asabar, in akwai wuta, ki fito da komai ki jera a kan tabarma. Duk abin da ya riski waccan ɗaukewar wutar ta kwana uku, da duk wanda kika juya shi sau biyu ba ki gane shi ba, ya tafi bola. Sauran ki sa wanda ya fi daɗewa a sama, ki ware kwana biyu a mako da ba za ki aika kasuwa ba sai an ci daga ciki. Markaɗen waken azumi kuwa, ki yi masa sallama.

Gwaggonku