Albashina ba ya kai ni tsakiyar wata, ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, ina da mata ɗaya da yara uku. Albashina naira 120,000 ne, amma kafin 15 ga wata na koma karɓar kaya bashi a wurin mai shago. Hayar gida 240,000 ce a shekara, kuɗin makarantar yara kuma 60,000 kowane zango. Duk sanda mai gida ya aiko, sai na ranta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi ya ja na abinci, kuma mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai kamo tsadar ba. Wannan ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka shi ne lissafi, kuma a ganina kana ƙirga wa kanka kuɗin da ba naka ba.

Raba hayar nan gida goma sha biyu: 20,000 kowane wata. Zango uku na makaranta 180,000 ke nan, wato 15,000 a wata. To, ranar da albashi ya shigo, 35,000 daga ciki tuni suna da masu su, ba su dai aiko ba ne tukuna. Abin da za ka ci da iyali 85,000 ne. Cire waccan 35,000 tun ranar farko ka kai ta inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, ko asusun banki marar katin cirar kuɗi, ko adashin mutanen da ka yarda da amanarsu. In adashi ne, ka nemi ɗaukarka ta faɗo wata guda kafin haya ta cika. Watan farko zai yi ɗaci, musamman da bashin mai shago a wuyanka, don haka ka same shi ku yanke abin da za ka riƙa rage masa, ka daina ƙara sabo.

Sai cefane, inda kuɗi suka fi zurarewa. Kada ka zauna kai kaɗai da biro. Uwargida ta fi ka sanin mudu nawa na masara ko shinkafa gidan ke ci a mako, da kwana nawa kwalbar mai ke yi. Ku rubuta komai na wata guda, har kuɗin niƙa, gawayi, ruwan 'yan garuwa da katin waya. Magidanta da yawa sai a nan suke gane cewa sayen gwangwani-gwangwani kullum ne ke cinye su.

Hatsi ya fi araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, ya fi tsada a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. In kun haɗa kai ku uku ko huɗu a makarantarku, ku je kasuwar hatsi ta Dawanau ku sayi buhu ku raba. Wake kuwa ku zuba shi a buhun PICS, wato buhun ajiya mai ruɓi uku da iska ba ta shiga, ƙwari ba sa rayuwa a ciki, ba sai an sa magani ba.

Ban ga ka ambaci azumi, kayan sallah da gudummawar biki da suna ba, alhali kowace shekara sai sun zo. Ware musu ko 5,000 ce a wata, in ta ƙare ka ba da haƙuri. Layya ma ga mai hali take, kada ka ci bashi dominta. Manhajojin ba da rance na waya kuwa ka nisance su: ruwansu ya yi yawa, wasunsu kuma in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna tona maka asiri.