Filin Tambayoyinku: Ƙwan lantarkin da ake kunnawa da waya

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan wata a kan abu ɗaya suka taru, wato ƙwan lantarkin nan na zamani da mutum ke kunnawa da kashewa ta waya, ya rage masa haske ko ya canja masa launi yana kwance a gado. Akwai abin da nake so a riƙe tun daga farko. Waɗanda suka ƙera ƙwan nan sun yi shi ne don gidajen da ba a ɗauke wa wuta, intanet ma ba ya yankewa. A aikina na haɗa wutar gidaje a nan Kano, yawancin waɗanda ake kawo mini a ce sun lalace lafiyarsu ƙalau. Ciwon yana wajen wutar gidan, ko wajen na'urar Wi-Fi.

Tambaya: Malam, na sayi ƙwan, na sauke manhajar da aka rubuta a kwalinsa. Yana ta ƙiftawa, amma wayar sai ta yi ta nema har lokaci ya cika, ta ce ba ta gan shi ba. Na'urar intanet ɗina sabuwa ce fil, irin ta 5G. Ko mai shago ya cuce ni ne? Daga wani mai karatu a Hotoro, Kano.

Amsa: Malam, kada ka koma wa mai shago tukuna. Sababbin na'urorin Wi-Fi zango biyu suke watsawa, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma kusan duk ƙwayayen nan 2.4 kaɗai suke ji. Zangon 2.4 ba ya da sauri kamar ɗan'uwansa, amma ya fi kai wa nesa, ya fi ratsa bango, ƙwan kuwa ba bidiyo zai kalla ba. Kamar rediyo ne da gajeren zango kawai yake kamawa, kai kuma kana ta yi masa magana a FM. Abin da ke ƙara rikita mutane, na'urori da yawa suna haɗe zangon biyu ƙarƙashin suna ɗaya, wayarka ta zaɓi na 5 da kanta ba ka sani ba.

Ka juya na'urar, za ka ga takarda manne a ƙasanta ko bayanta, da lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, da sunan shiga da kalmar sirri. Ka rubuta lambobin a burauzar wayarka, ka shiga saitin Wi-Fi, ka raba zangon biyu kowanne da sunansa. Sai ka ɗora wayarka a kan na 2.4 kafin ka buɗe manhajar. Kana cikin saitin, ka duba tsarin tsaro. In an sa WPA3, ka mayar da shi WPA2, domin ƙwayaye da yawa ba su san na farkon ba.

A wayar kuma, ka kunna Bluetooth da alamar wuri, wato location, kuma ka ba manhajar izinin da ta nema. Mutane da yawa suna danna ƙi saboda tsoro, manhajar kuwa ba ta iya ganin sunan Wi-Fi ɗinka sai da wannan izini. Kalmar sirri ka rubuta ta a tsanake, babban harafi a wurinsa, ƙarami a wurinsa, saboda in ka kuskure ƙwan ba zai gaya maka ba, shiru kawai zai yi. Ranar haɗawar farko ka saka shi a ɗakin da na'urar take, in ya kama sai ka mayar da shi inda kake so.

In ƙwanka na manhajar Smart Life ne ko Tuya, yana da ƙifci iri biyu. Mai sauri shi ne hanyar da ake fara gwadawa. In ta ƙi, ka kashe ka kunna makunnin bango sau uku yana cikin wannan ƙifcin, zai koma yi a hankali. A nan ƙwan yana watsa nasa Wi-Fi, sunansa ya fara da SmartLife, ka haɗa wayarka da shi kamar yadda manhajar za ta nuna maka. Wannan hanyar ta fi ɗaukar lokaci, amma ba ta cika ba ni kunya ba. In duk an yi bai kama ba, ka ari wayar wani, ka buɗe hotsifot ɗinta a kan 2.4, ka gwada. Ya kama, laifin na'urarka ne. Ya ƙi, yanzu kana da hujjar komawa shago.

Tambaya: Malam, maigidana ya saka mana shi a ɗakin kwana. Muna kashe shi da waya mu kwanta, amma da zarar an kawo wuta tsakar dare sai ya kunnu da dukan haskensa, jaririyata ta farka da kuka. Wani lokacin ma sai mu tarar yana ƙiftawa, wayar kuma ta daina juya shi. Daga wata mai jego a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya. Tambayarki ita ce ta fi damuna a duk wasiƙun, don ita ce ainihin rikicin ƙwan nan da wutarmu.

Ƙwan ba ya iya bambanta hannun mutum a kan makunni da dawowar wuta daga layi. Shi dai wuta ta yanke, wuta ta shigo. Da gangan kuma aka tsara shi ya kunnu duk lokacin da wuta ta shige shi, don wanda ba ya riƙe da waya ya iya amfani da shi kamar kowane ƙwai. A ƙasar da ake shekara ba a ɗauke wuta ba wannan dabara ce mai kyau. A wajenmu ita ke tada jarirai.

Maganin yana cikin saitin ƙwan a manhaja. Ki nemi wurin da ake zaɓar abin da zai yi idan wuta ta dawo. A ƙwayayen da ake kira Philips Hue ana iya cewa ya koma yadda yake kafin a ɗauke, in a kashe yake ya zauna a kashe. A Smart Life wasu ƙwayayen suna da abin da aka rubuta wa "Do Not Disturb", wanda in an kunna shi dawowar wuta ba ta tada ƙwan, sai an kashe an kunna makunni sau biyu a jere. In naki ba ya da ko ɗaya, ki duba ko zai bari ki zaɓi hasken da zai tashi da shi, ki sa mafi ƙanƙanta, mai launin ruwan ɗorawa. Ba duk masu araha ke da waɗannan ba, shi ya sa nake cewa a sayi guda ɗaya a gwada kafin a cika gida da su.

Ƙifcin kuma daga wani wuri yake. Yadda ake sa ƙwan ya manta da tsohon Wi-Fi shi ne a kashe a kunna shi sau uku a jere, wasu sau biyar. To wutar da ke zuwa tana komawa, ko mai canja layi daga wutar gari zuwa janareta yana ta gwadawa, daidai wannan suke yi masa. Sai ya ɗauka umarni aka ba shi. In kin gan shi a haka, kada ki goge shi daga manhaja. Ki bar shi 'yan mintoci, da yawa suna komawa tsohon saitinsu in ba wanda ya haɗa su. Ya ƙi komawa, sai a sake haɗa shi daga farko.

Ki gaya wa maigida abu biyu. A kashe makunnin ƙwan kafin a canja zuwa janareta, sai injin ya zauna sannan a kunna. Sannan ya sa ma'aikacin wuta ya ɗaura abin kariyar nan mai jinkiri a akwatin wutar gida, wanda ke riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an kawo kafin ya sake ta cikin gida, ya kuma yanke in ta yi ƙarfi ko rauni fiye da kima. Firij da talabijin ma za su amfana. In ba halin yin wannan yanzu, kuma ƙwan ba ya da saitin da na ambata, shawarata a cire shi daga ɗakin mai jego a kai falo. Barcinki da na yarinya ya fi.

Tambaya: Yayana ya zo mini da guda huɗu daga Amurka. Na saka na farko ya yi ƙara ya mutu nan take. In gwada sauran? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, kada ka gwada. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Nijar da Najeriya kuwa tsakanin 220 da 230. Ka karanta rubutun da ke wuyan ƙwan. In 120V kaɗai aka rubuta, ba na nan ba ne, ko da gindinsa mai lamba E26 ya shiga mazaunin E27 ɗinmu daidai. Wanda aka rubuta wa 220-240V ko 100-240V shi ne namu, na biyun ma ya fi jure wa unguwar da wuta ba ta da ƙarfi. Kuma kafin a tafi kasuwa a duba mazaunin gida, na murɗawa ne, wato E27, ko mai 'yan ƙusoshi biyu da ake dannawa a juya, wato B22.

Tambaya: Gidana sola ce da inbata. Na ji an ce ƙwan nan yana shan wuta ko a kashe yake. Sannan wanda na saka a tsakar gida cikin gilashi yana yawan ɓacewa daga manhaja. Daga wani magidanci a Sakkwato.

Amsa: Alhaji, gaskiya aka gaya maka, yana sha, tunda dole kunnensa ya zauna a buɗe yana jiran umarni. Amma abin bai kai a damu ba, yawanci bai wuce rabin wat ba. A wata guda ƙwai ɗaya bai kai rabin yunit ba. Goma tare wat 5 ke nan, na'urar Wi-Fi da kanta takan fi su sha. A kunne kuwa, mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. Kai ne ma ka fi kowa dacewa da shi, tunda wutarka ba ta yankewa, muddin na'urar Wi-Fi ita ma tana kan inbata. Ka dai tabbatar inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce. Masu arahar nan da fanka ke gurnani a kansu suna sa ƙwan rawa da ƙara. Haka kuma kada a haɗa shi da makunnin rage haske na bango, su biyun ba sa jituwa.

Na tsakar gidan kuwa, zafi nake zargi kafin nisa. In ka ɓalle farar robar saman irin wannan ƙwai, za ka ga faranti na alminiyam da ƙananan fitilu jere a kai, a tsakiya wani ɗan allo da bai fi farcen babban yatsa ba ya leƙo, shi ne mai kama Wi-Fi. A ƙarƙashi akwai kafasito, wani ɗan gwangwani mai riƙe wuta ya daidaita ta. Waɗanda ake ciro mini daga rufaffen gilashi, sau da yawa kan kafasiton ya kumbura, robar gindin ta koma ruwan ƙasa. Yawancinsu an yi su ne don wurin da zafi bai wuce digiri 40 ba, Sakkwato kuwa a watan Afrilu iskar waje kanta tana wuce haka, balle cikin gilashin da rana ta doka yini guda. Ka mayar da shi ƙarƙashin rumfa, a buɗaɗɗen mazauni inda ruwan sama ba ya kai wa. Sannan ka tsaya daidai wurin da wayarka ka duba ƙarfin Wi-Fi. In sanda ɗaya ka gani, ƙwan ba zai zauna ba, don eriyarsa ba ta kai ta waya ba. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna cinye sigina, sai a matso da na'urar kusa da taga ko a ƙara mata abin ƙara zango.

Ga wanda ya rubuto daga Kaduna cewa ya canja na'urar intanet duk ƙwayayensa sun ɓace: ka sa wa sabuwar irin sunan tsohuwar da kalmar sirrinta, harafi da harafi. Za su dawo da kansu, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Tambaya: Ina so in saka wa mahaifiyata, ta tsufa, tashi neman makunni da asuba yana yi mata wuya. Gidan ba Wi-Fi, ita kuma ƙaramar waya take riƙewa. Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Sai dai mai Wi-Fi ba zai yi mata ba. Ana iya sa masa lokaci ya kunnu kafin kiran sallah, amma ba ya da batirin riƙe agogo, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ya samu intanet kafin ya san ƙarfe nawa. Kuma makunnin bango dole ya zauna a kunne dare da rana. Jika ɗaya ya kashe shi, ba wayar da za ta iya tada ƙwan. Akwai masu Bluetooth da ba sa buƙatar intanet, Philips Hue ma ta fara fitar da irinsu tun 2019, amma su ma sai da babbar waya a kusa.

Abin da zan saka wa tawa mahaifiyar shi ne ƙwai mai ɗan rimot, ko mazaunin ƙwai mai rimot wanda ake ɗaura kowane irin ƙwai a kai. Ba manhaja, ba kalmar sirri, maɓallin kunnawa da na kashewa kawai. A ɗaura wa rimot ɗin zare a rataye a kan gadonta don kada ya shige cikin shimfiɗa. Tunda kuma ba kullum ake samun wuta da asuba ba, a ƙara mata ƙwan nan mai batir a ciki, wanda ke caji in akwai wuta ya ci gaba da haske in an ɗauke, a saka shi a hanyar banɗaki inda take alwala.