Amsa: Ko aikin rukuni yana da amfani a darasin lissafi?

Malam, ka tambaya ko raba ɗaliban ajinka na babbar sakandare rukuni-rukuni zai taimaka musu a lissafi. Zai taimaka ƙwarai, domin ɗalibin da ya bayyana wa ɗan'uwansa hanyar warware tambaya da bakinsa ya fi riƙe darasin a kan wanda ya kwafa daga allo kawai.

Sharaɗin da na gani a ajina shi ne kada rukuni ya wuce mutum huɗu, kuma kai da kanka za ka riƙa zaɓar wanda zai fito allo, in ba haka ba mai ƙoƙarin cikinsu ne kaɗai zai yi aikin, alhali a jarrabawar WAEC da NECO kowane ɗalibi shi kaɗai zai zauna da takardarsa.