Amsa: Wace takarda zan nema a hannun mai wayarin?

Malam, ka tambayi ko akwai shaidar gwamnati da za ka duba kafin ka ba mutum aikin sake wayarin ɗin gidanka. Akwai. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu haɗa wutar lantarki ta ba su takardar ƙwarewa. Ce masa ya nuna maka tasa, ka duba sunansa, ka kuma tabbatar wa'adinta bai ƙare ba. Trade Test, wato takardar gwajin ƙwarewar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ita ma shaida ce, daga mataki na 3 zuwa na 1, na 1 ne babba, amma kada ka ɗauke ta a madadin ta NEMSA.

Takarda kaɗai ba ta isa ba, sai ka sa ido kan kayan. Waya mai girman 1.5mm² ta fitilu ce, 2.5mm² ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma kowanne a ja masa layinsa daban. Wata babbar ɓarna ita ce a ɗora bireka, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa, mai amfiya 32 kan siririyar waya. Wayar za ta yi zafi har robarta ta narke, bireka bai yanke ba, daga nan gobara ke tashi. Ka kankare bakin wayar: in ka ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafe da jan ƙarfe, ka mayar wa waɗanda suka sayar da ita.

Kada ka biya cikon kuɗi sai ya kafa sandar at (earth, sandar ƙarfe mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa) a ƙasa, ya sa RCD (na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta zurare, don kare mutum) mai 30mA, ya gwada komai a gabanka.