Motata tana baƙin hayaƙi, an ce sensar MAP ce ta mutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2001 a nan Jos. Kwanan nan ta fara shan mai fiye da kima, baƙin hayaƙi yana fita ta salansa, in na tsaya a danja kuma sai ta yi ta rawa kamar za ta mutu. An sa mata na'urar bincike ta nuna P0108, bakanike ya ce in sayo sabuwar sensar MAP. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Dakata da sayen tukuna, a fara aunawa. Lambar P0108 ba ta ce sensa ta mutu ba. Abin da ta ce kawai shi ne saƙon da ke isa ƙwaƙwalwar motar daga layin wannan sensa ya yi sama fiye da yadda ya kamata, kuma abu uku ne ke iya jawo haka: ita sensar, wayoyinta, ko injin kansa.

Aikin sensar MAP shi ne auna matsin iskar da ke cikin manifol, bututun da ke raba iska zuwa silindoji. Idan mota tana silo, totur a rufe yake, fistin yana zuƙa, matsin sai ya faɗi ƙasa sosai. Idan ka taka totur, iska ta kwararo, matsin ya tashi. Da wannan ƙwaƙwalwar ke lissafa yawan man da nozul za su fesa. To in ana gaya mata matsin yana sama kullum, sai ta ɗauka hawan dutse kake yi da kaya, ta yi ta zuba mai alhali kana tsaye. Baƙin hayaƙin da kake gani ɗanyen man ne da bai gama ƙonewa ba.

Ka koma wurin mai na'urar, ka ce ya buɗe maka inda take nuna awon kai tsaye, kada ya tsaya ga karanta lamba. A murɗa makulli fitilun dashbod su kama, amma kar a tayar da injin. A wannan hali sensar iskar gari take aunawa. A Legas, bakin teku, za ka ga kusan 101 kPa (ma'aunin matsin iska ke nan), a Kano 95 zuwa 96. Ku a Jos da kuke tudun da ya kai mita 1,200, abin da za ta nuna 87 ne ko 88. Ina jaddada wannan ne domin wanda ya haddace 100 zai ga 88 ya yanke wa lafiyayyar sensa hukunci. Sannan a tayar, injin ya yi zafi, a kashe na'urar sanyaya ɗaki. Awon ya kamata ya sauko wajen 30, ko dai tsakanin 25 da 40. A buga totur sau ɗaya da ƙarfi: lambar awon ta yi tsalle sama nan take, ta dawo.

Idan lambar awon ta kafe a sama ba ta motsi, a koma kan soket. Wayoyi uku ne: ɗaya mai kawo wuta bolt 5, ɗaya ta ƙasa mai mayar da wutar, ɗaya mai kai saƙo. A irin wannan Honda, wayar saƙon tana ba da kusan bolt 2.9 kafin a tayar a bakin teku, ƙasa da haka kaɗan a wurinku, ta sauko wajen 1 a silo. Yankewar wayar ƙasa ko ta saƙo ita kanta tana haifar da P0108. Mota mai shekara sama da 20, zafin inji ya gasa robar wayoyin, wani lokaci ɓera ya ci, ko ruwan wankin inji ya sa bakin soket ya yi kore. Mai wayarin ya riƙa girgiza wayar yana kallon mita. In allura ta yi tsalle, an kama ɓarawon.

Idan kuwa awon farko daidai ne, lambar tana motsi, amma a silo ta tsaya 50 ko 60, to sensar gaskiya take faɗa, injin ne ba ya zuƙa yadda ya kamata. A nemi tiyon da ya tsage, gasket ɗin manifol, bawul ɗin EGR (mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji) da ya maƙale a buɗe, ko bel ɗin taimin da ya tsallake haƙori. Ko sensa goma ka saya ba za ta magance wannan ba.

Sensar tana zaune ne a kan gidan totur. A kwance ta a duba ƙaramin ramin da ke ƙasanta da robar da ke kewaye da shi. Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai kan haɗu su toshe shi. A fesa mata maganin wanke kayan lantarki, a bar ta ta bushe da kanta. Don Allah kar a tsokale ramin da waya ko allura, kar a hura masa iskar kwamfiresa, abin da ke ciki ba ya jure taɓawa.

Sai wuta ta samu daidai, ƙasa daidai, rami a buɗe, amma saƙon ya ƙi motsi, sannan za ka sa hannu a aljihu. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, lambar da ke jikinta ta zo ɗaya da ta wadda za a ba ka, domin kamannin soket kaɗai bai isa ba. In 'yar Beljiyam ce, ku yi sharaɗin za a gwada ta a motar kafin ciniki ya faɗa. Bayan an ɗaura a goge lambar P0108, a sake awon nan, a ciro fulogai a duba, don da wuya ba su yi baƙi ƙirin ba. Kuma kar ka ja lokaci, ɗanyen man da ke bi ta salansa yana ƙona katalis, mai tace hayaƙin salansa, wanda kuɗinsa ya ninka na sensar.